Zan kai Hajiyata Umra, ban taɓa fita waje ba: dala zan riƙe ko riyal?

Abban Khairat: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, an ce matambayi ba ya ɓata. In Allah ya yarda nan da mako uku zan raka mahaifiyata Umra. Ni ban taɓa ƙetare iyakar ƙasar nan ba, ko Maraɗi ban taɓa leƙawa ba, ita kuma ko jirgi ba ta taɓa shiga ba. Biza da tikiti da masauki duk an biya, kwana 14 za mu yi, Madina za mu fara sauka. Abin da ya rage guzuri ne. Na tara naira miliyan 2 da dubu 400, a ciki za mu ci abinci, mu hau mota, mu yi tsaraba. Yayana ya ce in je Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, in sayi riyal kawai in huta. Abokina ya ce dala ta fi. Wani kuma ya ce kada in ɗauki ko sisi, yana da mutum a Makka, in tura masa naira ta waya ya miƙo mini riyal. Wallahi kaina ya ɗaure. Waɗanda suka riga mu zuwa, ku taimaka.

Maman Sadiq: Wa alaikumussalam. Ma sha Allah, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Allah ya kai ku lafiya.

Auwalu Mai Takalma: Riyal mana. Can riyal ake kashewa, me ya haɗa ka da dala? Ka canza sau ɗaya ka wuce wurin.

Ɗan Fagge: Auwalu, yi haƙuri, a nan ba haka lissafin yake ba. Ni a bakin Wapa na tashi, bari in yi wa Abban Khairat bayani yadda zai gane.

Riyal a ɗaure take da dala. Tun 1986 dala ɗaya riyal 3.75 ce, ba ta hawa ba ta sauka. Ke nan in kana da dala a aljihu, ka san riyal nawa gare ka tun kana Kano. A can mai canji zai ɗan rage ribarsa, ya ba ka a ce 3.72 ko kusa da haka. A nan kuwa riyal kayan yayi ce. Da azumi ya matso ko lokacin tashin alhazai, kowa ita yake nema, sai ta yi tsada fiye da ƙimarta.

Ga misali, ba farashin yau nake faɗa ba, don kawai lissafi ya fito. A ce dala naira 1,500 ce. Raba da 3.75, riyal ta kama naira 400. Kuɗinka zai ba ka dala 1,600. Ka kai su Madina a canza maka a 3.72, ka tashi da riyal 5,952. In kuma ka saya a nan an ce maka riyal 420 ce, abin da za ka samu 5,714. Bambancin ya kai riyal 238. Wannan kuɗin abincin kwanaki ne a gare ku.

Don haka ranar da za ka je, tambayi farashin dala, ka raba da 3.75 a wayarka, sannan ka tambayi farashin riyal. Wanda ya fi sauƙi shi za ka bi. Wani lokaci bayan an dawo daga Hajji riyal takan yi yawa a kasuwa ta faɗo, to a nan maganar Auwalu ta yi daidai.

Auwalu Mai Takalma: To ai ni bayan Hajji na je, shi ya sa. Na karɓi gyara.

Hajiya Babba Gwammaja: Ɗana, ka saurare ni, sau biyar ina zuwa. Lissafin Ɗan Fagge gaskiya ne, amma kada ka sauka ƙasar mutane da dala zalla. Jirgi zai iya ajiye ku cikin dare, tsohuwa ta gaji, tana son ruwa, tana son shayi, kana buƙatar layin waya don ka kira gida. A lokacin ba za ka tsaya neman mai canji ba, na filin jirgi kuma farashinsu bai da daɗi. Ka sayi kamar riyal 500 tun daga Kano, ka ce a ba ka ƙanana, 'yan goma-goma da hamsin-hamsin. Kada ka yarda a ba ka ƙwaya ɗaya ta ɗari biyar, mai tasi zai ce ba shi da canji ku tsaya kallon juna.

Sannan ka zaunar da ita ka nuna mata kuɗin da launinsu. Biyar ruwan makuba ce, goma ruwan ƙasa, hamsin kore, ɗari ja, ɗari biyar shuɗiya. Zuwana na farko, wata baiwar Allah da muke ɗaki ɗaya ta yini tana rabon hamsin-hamsin sadaka a hanyar masallaci, a zatonta kamar naira hamsin ce. Da yamma aka lissafa mata abin da ta bayar, sai ta zauna a bakin gado ta yi shiru, can ta ce “to Allah ya karɓa.” Mun yi dariya har da hawaye, amma sai da muka yi mata karo-karo ta ƙarasa kwanakinta.

Abban Khairat: Hajiya na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Wallahi wannan irin halin Hajiyata ne sak, hannunta a buɗe yake.

Ɗan Fagge: Na manta abu mafi muhimmanci. In za ka sayi dala, ka ce sabuwa kake so, mai shuɗin zare a tsakiya, wadda ta fito a 2013. Akwai tsohuwa mai babban kai, akwai wadda ta fi ta tsufa mai ƙaramin kai. A Amurka dukkansu kuɗi ne, ba a soke ko ɗaya ba, amma mai canji a ƙasar waje ba ruwansa da wannan, ko ya ƙi karɓa ko ya karya farashi. Haka wadda ta yage, ko aka yi rubutu ko tambari a jikinta, ko ta jiƙe da mai. Ka duba kowace ɗaya gaba da baya. Ka karkata ta, za ka ga hotunan cikin shuɗin zaren suna motsi. Kuma 'yan ɗari-ɗari za ka karɓa, a wurare da yawa ƙananan dala farashinsu bai kai na ɗari ba.

Baban Ummi Kurna: Ni abin da ya same ni zan faɗa, ko wani zai tsira. Shekarun baya zan tafi Dubai sayen kayan waya, karon farko. Na je canji ni kaɗai, ban san kowa ba. Tun kafin in ƙarasa wani ya tare ni a bakin titi, ya faɗi farashi ƙasa da na kowa. Kwaɗayi ya ja ni. Muka raɓe jikin wata mota, ya ƙirga a gabana cif, ya miƙo, na ƙirga cif. Sai ya ce in kawo ya sa mini a ambulan. Na miƙa masa. Sai da na isa gida na buɗe, takarda uku babu. Har yau ban san lokacin da hannunsa ya yi aikin ba.

Ka shiga ofis mai rajista, ka zauna a kujera, ka nemi rasit. Kuɗi in ya shigo hannunka ka ƙirga, kada ya sake komawa hannun kowa, ko don a sa maka roba ne. In da hali ka tafi da wanda ya san kasuwar.

Ɗan Fagge: Allah ya mayar da alheri. Amma don Allah kada a yi wa 'yan canji kuɗin goro, akwai mutanen da shekara talatin suna wannan sana'a ba a taɓa jin kansu da kowa ba. Wanda ya tare ka a titi daban, mai ofis daban.

Baban Ummi Kurna: Ai ban ce duka ba. Laifina ne, ni na bi araha.

Anti Zee: Ni a banki nake aiki, bari in ƙara ta ɓangarenmu. Akwai kuɗin guzurin matafiya da ake saya ta banki, wanda ake kira PTA, har dala 4,000 a wata uku. Ana neman fasfo, biza, tikitin zuwa da dawowa da lambar BVN. A da mutane rububinsa suke yi, domin a ƙarshen 2022 dala a banki ba ta kai naira 450 ba alhali a kasuwa ta haura 700. Tun da Babban Banki ya saki farashi a watan Yunin 2023 wannan garaɓasar ta wuce, tazarar ta zama kaɗan. Kuma a Fabrairun 2024 aka ba bankuna umarnin su daina bayar da shi a hannu, sai dai a zuba a kati. Ka je reshenku ka tambayi yadda ake ciki yanzu, dokokin nan suna yawan canzawa.

Katin naira kuma, yawancin bankuna sun rufe amfani da shi a waje a wajajen 2022, wasu suka sake buɗewa a 2025 da iyakar abin da za ka iya kashewa. Kada ka ɗauka naka yana aiki. Ka tambaya, ka sa a buɗe maka, ka san iyakarka. Saudiyya kusan ko'ina ana karɓar kati, daga manyan kantuna har masu sayar da shayi. In na'urar ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi riyal, in ka zaɓi wani za su yi maka canjin da farashinsu. Abu na ƙarshe, lambar sirrin da banki ke turowa layinka na gida take zuwa. In ka cire layin ka bar shi a Kano, ka rufe wa kanka ƙofa.

Abban Khairat: Anti na gode. Wannan maganar layin ko kusa ba ta zo mini a rai ba, da matata zan bar wa wayar.

Sani Kano-Jidda: Duk wannan wahala ce kuke ɗora wa bawan Allah. Shekarata tara a Makka. Unguwar Misfala da titin Ibrahim Khalil cike suke da Hausawa, ka tura naira ta waya, minti biyu an ba ka riyal. Ba ɗaukar kuɗi, ba tsoron ɓarawo. Kowa haka yake yi.

Hajiya Babba Gwammaja: Sani, kai ka san mutane, shi bai san kowa ba. Baƙo ko da ido makaho ne. In ya tura kuɗin mutumin ya kashe waya, wa zai kai wa ƙara, da wane harshe?

Sani Kano-Jidda: Hajiya ai amana ce. Da amana 'yan kasuwarmu suke kai kuɗi har Sin.

Anti Zee: Amana tsakanin waɗanda suka san gidan juna. Sannan canji ba lasisi laifi ne a dokar Saudiyya, in an zo kame ba a tambayar wane ne baƙo. Ga kuma ranar da intanet ɗin banki zai tsaya, an cire kuɗi a asusunka, shi bai gani ba, ku yi ta jayayya a bakin titi. A matsayin mafita in guzuri ya yanke, ta hannun wanda ka sani da gaske, wannan daban. Amma mutum ya ɗauki tsohuwa ya tafi ba ko sisi, ya dogara da lambar wayar wanda bai taɓa gani ba? A'a.

Auwalu Mai Takalma: Ni tambayata ma ta addini ce. Na ji an ce canjin kuɗi sai hannu da hannu. Wannan turawar ba riba ba ce? Malam Na Zariya yana nan?

Malam Na Zariya: Ina nan, ina karantawa. Asalin maganar hadisin Ubada ɗan Samit ne da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka ambaci zinariya da azurfa da alkama da sha'ir da dabino da gishiri, aka ce in jinsi ya bambanta ku sayar yadda kuka so matuƙar hannu da hannu ne. Malaman zamani sun ɗora kuɗin takarda a kan hukuncin zinariya da azurfa. Naira jinsi ce, riyal jinsi ce. Saboda haka ribar da ɗan canji ya ɗora halal ce, ciniki ne. Abin da aka hana shi ne jinkiri, ka ba da naira yau a ce ka dawo jibi ka karɓi riyal.

In kuna tsaye tare, ka tura, ya ga kuɗin sun shiga asusunsa, ya miƙo maka riyal kafin ku rabu, malamai da yawa suna ɗaukar shigar kuɗi asusu a matsayin karɓa. Wanda ake tattaunawa a kansa shi ne ka biya a Kano ka karɓa a Makka bayan kwanaki. Akwai masu halatta shi in an yanke farashi a zaman kuma an ba ka takardar shaida tabbatacciya, akwai masu ganin a nisance shi. Wannan ta fuskar ciniki ke nan. Dokar ƙasar da ka shiga da bizarta kuma wani haƙƙi ne daban, ka yi alkawarin kiyaye ta. Wanda ya tafi neman lada, ni dai ina ganin ya bi hanyar da ba ta da ƙura.

Sani Kano-Jidda: Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma dai in kuɗinsa ya ƙare ya neme ni.

Malam Na Zariya: Tunda ana maganar kuɗi, Abban Khairat, harami ba shi da aljihu. Ka sayi lalita tun daga gida. Malamai sun yi rangwame mai harami ya ɗaura ta don guzurinsa, a littattafanmu na Malikiyya an ce ya ɗaura ta a jikin fatarsa, ƙarƙashin gyauton. Wurin ɗawafi cunkoso ne, kuma ba duk wanda ya je ne ibada ta kai shi ba.

Hajiya Babba Gwammaja: Ƙwarai kuwa. Ku raba kuɗin gida uku. Kaso ɗaya a jikinka, kaso ɗaya a jikinta, a ɗinka mata aljihu a cikin shimi, sauran a kulle a masauki. Ita ma ta riƙe katin otal da 'yan riyal ko da ɗari ce, don in kun rabu a cikin taro ta iya komawa. Fita masallaci ba ta buƙatar fiye da abin kashewar yini.

Elhadji Na Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya, ku yi hanƙuri in sa baki. Mu nan Nijar Yuro muka fi riƙewa, don sefa a ɗaure take da ita, Yuro guda sefa 655.957, ba ta motsi. Ku kuma dala ta fi muku. Kowa ya bi kuɗin da zai canza sau ɗaya ko biyu, kada ya yi ta juya su, kowace juyawa ana gutsure wani abu. Na ga wani ɗan uwanku ya canza naira zuwa sefa, sefa zuwa Yuro, Yuro zuwa riyal, wai an ce mishi ta fi riba. Da ya gama, kamar ya ɗebo ruwa a kwando.

Kuma in kun zo wajenmu ku kula da ƙirga. Mu da dala muke lissafi, dala guda sefa biyar ke nan, ba ta Amurka ba. Jika kuma sefa dubu ce. Baƙo ya ji an ce “dala ashirin” ya zabura, alhali sefa ɗari ake nufi.

Ɗan Garwa: Elhadji ka tuna mini. Sefar Kamaru da Chadi daban take da ta Nijar da Kwatano. Darajarsu ɗaya a kan Yuro, amma takardun daban, bankunan da ke buga su daban. Ka kawo ta Nijar kasuwar Garwa mai tumatir ba zai karɓa ba, sai ka je wurin 'yan canji sun cire nasu.

Auwalu Mai Takalma: Mu kuma jaka a wurin iyayenmu naira ɗari biyu ce. Kowa da kiɗan garinsu.

Shugaban Zaure: Jama'a a dawo kan tambayar bawan Allah, an fara tafiya Kamaru.

Anti Zee: To ga wanda ya shafe shi. Dokar Najeriya ta hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta ce duk wanda zai fita ko zai shigo da abin da ya haura dala 10,000 sai ya bayyana wa kwastam. Lokacin da na je, ta Saudiyya riyal 60,000 ce, har da zinare. Kuɗinka bai kai ko kusa ba, ba abin da zai dame ka. Inda matsalar take shi ne saƙo. Da an ji za ka tafi, za a fara “don Allah ga ɗan ƙunshi ka kai wa ƙanwata.” Kada ka karɓi ambulan ko ƙulli da ba a buɗe a gabanka ba, ko na wane ne. Mutane sun shiga ɗaurin da ba su san hawa ba su san sauka ba ta wannan hanya.

Maman Sadiq: Kuma a duba jakar Hajiya da kyau, kada ta ɓoye goro. An hana shiga da shi, tsofaffinmu kuwa ba sa jin wannan magana.

Abban Khairat: Maman Sadiq kamar kin san ta. Jiya ma take tambayata ko ƙwarya ɗaya za ta ishe ta.

Baban Ummi Kurna: Kada ka canza dalar gaba ɗaya ranar farko. Ɗari biyu ko uku, in ta ƙare ka ƙara. Duk riyal ɗin da ka dawo da ita Kano a ƙasa za a saye ta, tsabar ƙarfe kuwa ba mai karɓa, sai dai yara su yi wasa da su. Dala in ta rage, kuɗi ce a ko'ina.

Hajiya Babba Gwammaja: Saura abu biyu, daga nan na yi shiru. Madina za ku fara, kuma Madina akwai daɗin kasuwa, ga dabino ga dogayen riguna ga carbi. Mutane sukan kashe rabin guzuri a can, su iso Makka suna ƙirga kwabo. Ka bar yawancin tsaraba sai kwanakin ƙarshe, in ka ga abin da ya rage. Ka ware kuɗin keken tura tsohuwa a ɗawafi da Safa da Marwa tun yanzu, ko da tana cewa za ta iya, sawu bakwai-bakwai ba wasa ba ne ga mai ciwon gwiwa. Ka kuma ware na awon kaya, don na rantse sai kayanku sun fi kilo.

Na biyu, kada ka zama mai lissafa komai da naira. Akwai wanda muka tafi da shi, duk abin da aka faɗa sai ya ciro waya ya buga, ya ce “shinkafa da kaza naira dubu kaza? Allah ya kiyaye.” Ya yi ta cin burodi da ruwan zamzam har ya kwanta ciwo. Ka yanke abin da za ku ci a yini, ku ci ku ƙoshi, ibada da ƙarfi ake yin ta.

Ɗan Fagge: Ka kuma bar naira kaɗan a aljihun jaka, ta motar da za ta kai ku gida daga filin jirgin Malam Aminu Kano. An sha ganin Alhaji ya sauko da akwati huɗu yana neman rancen kuɗin Adaidaita.

Abban Khairat: Jama'a ga yadda aka yi. Yau da safe na je Wapa tare da wani maƙwabcinmu da ya san wurin, muka shiga ofis. Na yi lissafin da Ɗan Fagge ya koya mini, dala ta fi sauƙi, sai na sayi dala da mafi yawan kuɗin, na karɓi riyal 500 ƙanana kamar yadda Hajiya Babba ta ce. A cikin dalar an haɗo mini da tsohuwa guda biyu, na ce a canza, mutumin ya dube ni ya ce “ashe Alhaji ya saba tafiya.” Ban ce masa komai ba. Na biya banki, katina a rufe yake, na cike takarda sun ce in koma ranar Litinin. Lalita na saya a Kwari. Aljihun shimi kuma Hajiya ta ce ba tela da zai taɓa mata, da hannunta za ta ɗinka.

Goron ne har yanzu ba mu daidaita ba.

Maman Sadiq: Ka turo mini lambarta ta akwatin sirri, ni zan yi mata magana.

Sani Kano-Jidda: Ka dai ajiye tawa lambar.

Auwalu Mai Takalma: Allah ya kai ku lafiya. In ka je Rauda ka sa mu a addu'a, ni dai dabino ajwa nake so, ko rabin kilo ne.